SUNAN DA MUKE KIRAN ƊAN'UWANMU DA SHI

Abin karantawa: Farawa 48:1-6, Ayyukan Manzanni 16:1-3, Yakubu 3:7-12

  Ku matso kusa, ku kira yara su ma su zauna, domin zancenmu na yau ya shafi babba da yaro.

Akwai tambayar da ake ta kawo mana, musamman daga iyayen da 'ya'yansu suka tafi karatu ko neman abinci a ƙasashen waje suka yi aure a can. Tambayar ita ce: sunayen nan da muka taso muka ji ana kiran mutumin da launin fatar mahaifinsa ya bambanta da na mahaifiyarsa, zagi ne, ko kuwa tsufa kawai suka yi? Mai bin Yesu zai iya ci gaba da faɗinsu?

Ga abin da ya sa muka ga ya kamata mu amsa. A wata ikkilisiya da muka sani, wata dattijuwa ta yi baƙi lokacin Kirsimati. Ɗanta ne ya zo daga Ingila da matarsa Baturiya da 'yarsu mai shekara 12. Da aka tashi sujada, matan zumunta suka kewaye yarinyar da murna, wannan ta taɓa gashinta, waccan ta rungume ta, suna cewa, "Mama, ashe kina da jika hafkas haka, kika ɓoye mana!" Yarinyar ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Ranar Lahadi ta gaba ta ƙi zuwa majami'a. Da aka matsa mata, sai ta ce a makarantarsu da wannan kalma ake tsokanarta, ba ta kuwa taɓa tsammani za ta ji ta a ɗakin sujada ba. Kakar ta rasa abin cewa sai, "Mu fa yabonta muke yi." Kakar gaskiya ta faɗa, yarinyar ma gaskiya ta faɗa. To, ina mafita?

Bari mu fara da sanin inda sunayen suka fito, gama rashin sani ya fi dare duhu.

Tsohuwar kalmar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce "mulato". Daga harsunan mutanen Sifen da Fotugal ta fito, a zamanin cinikin bayi. Yawancin masana harshe sun ce tushenta shi ne sunan alfadari a waɗannan harsuna. Kowane manomi a cikinmu ya san alfadari: jaki ne ubansa, goɗiya ce uwarsa, ana sa shi aikin wahala, shi kuwa ba ya haihuwa. Da wannan dabba aka kwatanta ɗan adam. A jihar Bajiniya ta Amurka, tun a shekarar 1662 aka kafa doka cewa yaro matsayin uwarsa yake bi. Idan uwa baiwa ce, ɗan da ta haifa wa maigidanta Bature bawa ne, ubansa yana da iko ya kai shi kasuwa ya sayar. Kalmar ta zama ta takardun ciniki da na gādo, inda ake rubuta mutum tare da shanu da kayan gona.

Abin bai tsaya nan ba. Aka shiga lissafin jini kamar ana awon hatsi da mudu. Wanda ɗaya cikin kakanninsa huɗu baƙar fata ne aka ce masa "kwadrun", wato kashi ɗaya cikin huɗu. Wanda kuwa ɗaya ne cikin takwas aka ce masa "oktorun". Gwamnatin Amurka ta sa "mulato" cikin takardar ƙidayar jama'a a 1850, a ƙidayar 1890 kuma ta ƙara sauran biyun. Wannan lissafi yana da hukunci a bayansa. A 1892, a birnin New Orleans, aka kama wani mai suna Homer Plessy domin ya zauna a taragon Turawa cikin jirgin ƙasa. Kashi ɗaya cikin takwas ne kawai na asalinsa ya fito daga Afirka, amma a 1896 kotun ƙoli ta ƙasar ta ce dokar da ta ware shi daidai take. A jihar Bajiniya kuma, Richard Loving, Bature, da matarsa Mildred, waɗanda suka yi aure a 1958, an yanke musu ɗaurin shekara guda, aka ce za a ɗage hukuncin in sun bar jihar har shekara 25. Alƙalin da ya yi shari'ar har sunan Allah ya kama, wai Allah ne ya raba launuka ya ajiye kowanne a nahiyarsa. Sai a ranar 12 ga Yuni, 1967 kotun ƙoli ta rushe irin waɗannan dokoki. Tun daga ƙidayar 1930 aka daina rubuta "mulato", amma sai a shekarar 2000 aka yarda mutum ya nuna asali fiye da ɗaya a takardar ƙidaya. A ƙidayar 2020, mutum fiye da miliyan 33 suka yi haka.

Sai kalmar da matan zumunta suka faɗa, wadda muke ji kullum a Nijeriya da Gana ba tare da mun ɗauke ta wani abu ba. "Hafkas" Turanci ce da bakinmu ya lanƙwasa. Gaɓar farko tana nufin rabi. Ta biyun daga kalmar Fotugal ce mai nufin iri ko tsatso. Ma'anarta dai mai rabin asali. A ƙasar Ostireliya, da wannan kalma ma'aikatan gwamnati suke tantance yaran da za a ƙwace daga hannun iyayensu mata 'yan asalin ƙasar, a kai su gidajen reno. An yi shekaru da yawa ana yin haka, har zuwa wajajen 1970. Sai a ranar 13 ga Fabrairu, 2008 firayim minista Kevin Rudd ya tsaya a majalisa ya roƙi gafara. A Ingila a yau, kalmar zagi ce, ba mai faɗinta a gaban jama'a ya kwana lafiya. Yarinyar nan ba shagwaɓa ta yi ba. Abin da kunnenta ya saba ji a cikin kalmar ke nan.

'Yan'uwa, akwai wani sashe na labarin nan da ya shafi ikkilisiya kai tsaye, ba kuwa za mu tsallake shi ba. A zamanin da Beljiyam take mulkin Kwango da Ruwanda da Burundi, hukuma ta riƙa raba yaran da Turawa suka haifa da matan ƙasa daga iyayensu mata. Ana rubuta su da sunan "mulato", ana ce musu 'ya'yan zunubi. Yawancinsu a gidajen mishan aka ajiye su, nesa da garuruwansu. Dab da samun 'yancin kai, aka kwashe ɗaruruwa daga cikinsu zuwa Beljiyam, wasu ba su ƙara ganin iyayensu mata ba har abada. A 2017 bishop-bishop na Katolika a Beljiyam suka roƙi gafara. A watan Afrilu na 2019 firayim minista Charles Michel ya yi haka a madadin gwamnati. A watan Disamba na 2024 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Brussels ta ba mata biyar gaskiya, waɗanda aka ƙwace tun suna ƙanana a Kwango, ta ce abin da aka yi musu laifi ne a kan 'yan adam. Kada wani a cikinmu ya ce wannan ɗarikar wasu ce, ba tamu ba. A Afirka ta Kudu, wata babbar ikkilisiyar Furotesta ce ta riƙa kāre mulkin wariya da ayoyin Littafi Mai Tsarki, a lokacin da dokar 1949 ta haramta aure tsakanin Bature da wanda ba Bature ba. An yi ta aiki da dokar har 1985. Masu ɗauke da sunan Almasihu sun taɓa sa hannu cikin wannan aiki, saboda haka ya wajaba mu fi kowa lura da bakinmu.

Kada kuma mu ɗora wa Turawa laifin duka mu wanke namu hannu. Mu ma muna da tamu kalmar, wadda ba wanda ya kawo mana ita daga ƙetare. Wa bai taɓa jin an ce wa wani "barbarar yanyawa" ba? Ku tsaya ku saurari kalmar da kyau. Barbara aikin dabbobi ce, ba a faɗinta ga auren mutane. Yanyawa kuwa dabbar daji ce, 'yar'uwar dila. Abin da masu cinikin bayi suka yi da alfadari, shi muka yi da yanyawa. Muna jefa ta ga ɗan Balarabe ko ɗan Kwara da 'yar ƙasa, muna kuma jefa ta ga wanda uwarsa wata kabila ce, ubansa wata. "Ruwa biyu" ta fi ta sauƙi, mutane da yawa ma ba su jin ciwonta. Duk da haka mun sha ganin yadda ake juya ta a lokacin rabon gādo, ko neman sarauta, ko neman aure, a ce, "Ai wane ruwa biyu ne," ma'ana kada a amince masa, ba namu ba ne sosai.

To, duk sunayen ɗaya suke? A'a. A nan ne ake bukatar hikima. A Afirka ta Kudu, dokar rajistar jama'a ta 1950 ta sa wa miliyoyin mutane suna "Kalad". An soke dokar a 1991, amma har yanzu da yawa daga cikinsu suna kiran kansu da wannan suna, gama ya zama sunan al'ummarsu, da harshensu da abincinsu da tarihinsu. In ka ɗauki kalmar nan ka kai ta Amurka ka kira baƙar fata da ita, ka zage shi. A Kanada akwai al'ummar da ake kira Metis, zuriyar Turawa masu fataucin fatu da matan ƙasar. Tsarin mulkin 1982 ya ambace su da sunan nan cikin 'yan asalin ƙasa, suna kuwa alfahari da shi. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru da Cadi sun san kalmar a Faransanci, ana faɗinta ba tare da an ji zafi ba, alhali "mulato" ta zama abin ƙyama a can ma.

Amsar tambayar ke nan. Akwai sunayen da suka tsufa suka kuma ƙazantu tun daga tushe, irin waɗanda suka kwatanta mutum da dabba ko suka yanka shi kashi-kashi. Waɗannan mu bar su gaba ɗaya. Akwai kuma waɗanda nauyinsu ya danganta ga ƙasa da kuma mai sunan. A kan waɗannan, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wanda ake kira da sunan, shi ne zai faɗa mana ko yana ciwo.

Yanzu bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga yadda Allah yake lissafin irin waɗannan 'ya'ya.

Yusufu ya yi aure a Masar. Matarsa Asenat Bamasariya ce, 'yar firist na birnin On. Ta haifa masa Manassa da Ifraimu. In da a takardar ƙidayar da muka ambata ne, da an rubuta su rabi-rabi. Amma a Farawa sura 48, sa'ad da Yakubu ya tsufa yana bakin mutuwa, Yusufu ya kawo masa yaran. Tsohon ya tattara ƙarfinsa ya tashi zaune a gado, ya karɓe su a matsayin 'ya'yansa na cikinsa, daidai da Ra'ubainu da Saminu, manyan 'ya'yansa. Ya sumbace su, ya ɗora musu hannu, ya sa musu albarka. Da aka zo rabon ƙasar alkawari, ba a ba su rabin rabo ba domin uwarsu baƙuwa ce. Kowannensu ya zama cikakkiyar kabila da cikakken yanki. Joshuwa ɗan Nun, wanda ya shigar da jama'a ƙasar, daga zuriyar Ifraimu ya fito. Ku kakanni masu sauraro, ga gurbin da Yakubu ya bar muku.

A Ayyukan Manzanni sura 16 kuma mun sadu da Timoti a Listira. Uwarsa Bayahudiya ce mai bi, ubansa Bahelene. Luka ya nuna mana cewa duk Yahudawan wuraren nan sun san ko wane ne ubansa. Mun san irin wannan sani na gari, inda kowa yake riƙe da asalin kowa. Amma 'yan'uwa na Listira da Ikoniya halinsa suka shaida, Bulus kuwa ya ɗauke shi abokin tafiya. A wasiƙunsa Bulus yana kiransa ɗansa cikin bangaskiya, ya faɗa wa Filibiyawa cewa ba shi da wani kamarsa. Da ya tashi tuna masa da asalinsa, bangaskiyar kakarsa Loyis da ta uwarsa Afiniki ya ambata. Yau muna da Timoti da Afiniki a kusan kowace majami'a. Mun raɗa wa 'ya'yanmu sunan wannan gida mai asali biyu, muna kuwa jin daɗin sunan.

Akwai kuma gargaɗi. A Littafin Ƙidaya sura 12, Maryamu da Haruna suka yi gunaguni a kan Musa saboda matar da ya aura, mutuniyar Kush. Zancen cikin gida ne, tsakanin ya da ƙane, amma Ubangiji ya ji. Maryamu ta kuturce, aka fitar da ita bayan zango kwana bakwai, dukan jama'a suka tsaya cik har aka komo da ita. Maganar mutum biyu a kan matar ɗan'uwansu ta tsai da tafiyar al'umma duka. Haka take tsai da ikkilisiya har wa yau.

Ubangijinmu da kansa ya sha irin wannan jifa. A Yahaya sura 8, masu gāba da shi suka ce masa Basamariye, suka kuma ce yana da aljan. Yahudawa suna ganin Samariyawa gauraye ne, sunansu ma zagi ne. Yesu ya amsa zancen aljan, amma bai tsaya wanke kansa daga sunan Basamariye ba. Shi ne ya zauna a bakin rijiya ya roƙi Basamariya ruwa, shi ne kuma ya ɗauki Basamariye ya mai da shi misalin maƙwabci na gari.

Manzo Yakubu ya tattara mana zancen a sura 3 ta wasiƙarsa. Ya ce abin da bai kamata ba ne baki ɗaya ya yabi Allah, ya juya ya la'anci mutumin da aka yi cikin kamannin Allah. Ba a raba kamannin Allah biyu. Yaron da aka haifa tsakanin Bature da 'yar Afirka, ko tsakanin Bahaushe da Bayarabiya, cikakken kamannin yake ɗauke da shi, jinin da aka zubar a kan gicciye kuma cikakke aka zubar dominsa.

Me za mu yi ke nan daga yau?

Da fari, mu kira mutum da sunansa. Iyayensa sun raɗa masa suna, an yi masa baftisma da shi. Yawancin lokaci ba abin da ya kawo zancen launinsa. In kuwa ya zama dole a faɗa, a faɗa a fili: mahaifinsa mutumin Jos ne, mahaifiyarsa 'yar Jamus ce. Wannan bai rage kowa ba, ya ma girmama iyayen biyu.

Na biyu, in an ce mana kalma tana ciwo, mu bar ta, kada mu tsaya gardama. "Ai ba da mugun nufi na faɗa ba" yana iya zama gaskiya a karo na farko. In ka taka ƙafar mutum cikin duhu, ba laifinka ba ne. In ya ce ka taka shi, ka ci gaba da tsayawa a kai kana bayani, ya zama laifinka. Kada kuma mu fake da wasa. Wasan Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa, yana da daɗi ne domin kowane gefe yana da bakin ramawa. Yarinya ɗaya tilo a tsakiyar manyan mata ashirin ba ta da bakin ramawa.

Na uku, ku matasa da kuka yi karatu kuka san tarihin kalmomin nan, ku yi wa iyayenmu gyara da ladabi. Tsohuwar da ta ce "hafkas" ba ta taɓa jin labarin Ostireliya ba. Kada ku kunyata ta a gaban jama'a. Ku same ta a ɗaki, ku durƙusa ku gaishe ta, ku faɗa mata abin da kuka sani. Wanda ya gyara kalma ya ɓata zumunci bai ci riba ba.

Na huɗu, ku malaman makarantar Lahadi da shugabannin mawaƙa da na matasa, ku kasa kunne ga sunayen da yara suke laƙaba wa juna. Magana zarar bunu ce. Sunan da aka manna wa yaro yana shekara bakwai, yakan bi shi har furfura.

Ku kuma da aka taɓa kiranku da waɗannan sunaye, ko a makaranta, ko a gidan kakanni, ko a cikin majami'a, muna roƙonku gafara a madadin 'yan'uwa. Wataƙila a ƙasar uba an ce muku baƙi, a ƙasar uwa ma an ce muku baƙi. A gidan Ubanku na sama ku 'ya'yan gida ne. Kada kalmar da ta fito daga bakin wanda bai sani ba ta raba ku da teburin Ubangiji.

Dattijuwar nan da muka ba ku labarinta, kafin baƙinta su koma, ta tara matan zumunta a tsakar gidanta. Ta riƙe hannun jikarta ta faɗa musu sunanta, ta ce da shi za a riƙa kiranta. Shugabar mata ta matso ta ce, "'Yata, ki yafe mana, ba mu sani ba." Abin da ake bukata ke nan, bai kuwa fi ƙarfin kowa ba.

Bari mu yi addu'a.

Ya Allah Ubanmu, kai ne ka halicci kowace kabila da kowane launi, ka kuma san kowane ɗayanmu da sunansa. Ka gafarta mana kalmomin da muka faɗa cikin rashin sani, da waɗanda muka faɗa da gangan. Ka gafarta wa ikkilisiyarka inda ta raba uwa da ɗanta, da inda ta yi shiru. Ka warkar da waɗanda bakinmu ya yi wa rauni. Ka ba kakanni zuciya irin ta Yakubu, su buɗe hannu su sa wa dukan jikokinsu albarka. Ka tsare harshenmu a gida da kasuwa da majami'a. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.

Sai mun sāke saduwa, in Ubangiji ya yarda. Salamar Allah ta kasance tare da ku duka.